Rajistar kurakurai ta Pacemaker da Corosync: ta iya faɗin hukunci, ba ta cika faɗin dalili ba

Duk wanda ya tashi haɗa sabar biyu ko uku a kan Linux don kada hidimarsa ta tsaya idan ɗaya ta faɗi, da wuya bai ƙare a hannun Pacemaker da Corosync ba, manhajoji biyu da ke tafiyar da irin wannan haɗi, wanda ake kira gungu. Su ne ke cikin kayan da Red Hat da SUSE ke sayarwa don wannan aiki, kuma kyauta ake samun su a Debian da Ubuntu. Ɗauke hidima daga kwamfutar da ta mutu a kai ta wata, wannan an daɗe da sanin sun iya. Abin da muka auna a nan daban ne. Gari ya waye, an tarar rumbun bayanai ya koma kwamfuta ta biyu, ta farkon kuma an kashe ta an sake kunna ta cikin dare. Shin abin da manhajar ta rubuta zai ishi ma'aikaci ya gane me ya faru?

Zai ishe shi ya san hukuncin da gungun ya yanke, dalla-dalla, fiye da yadda yawancin manhajoji irinta ke bayarwa. Amma musabbabin, wato abin da ya fara lalacewa, galibi yana wurin da ba a adana shi idan an bar saiti yadda ya zo. Wannan giɓi ana iya toshe shi, sai dai kafin matsala ake yi.

Farkon abin da ke rikita sabon shiga shi ne ba wuri ɗaya ake rubutu ba. Daga Pacemaker 2.0, wadda ta fito a 2018, cikakkiyar rajista tana `/var/log/pacemaker/pacemaker.log`, tana ɗaukar saƙonni tun daga matakin `info`. Syslog kuwa, wato rajistar gama-gari ta Linux, daga matakin `notice` zuwa sama kaɗai yake samu. Corosync tana da tata, a Red Hat `/var/log/cluster/corosync.log`, a Debian `/var/log/corosync/corosync.log`. Mai riƙe da tsohon gungu na RHEL 7, inda Pacemaker 1.1 take, yakan tarar da saƙonnin duka biyun a cakuɗe cikin fayil ɗin Corosync. Saitin Pacemaker yana `/etc/sysconfig/pacemaker` a Red Hat da SUSE, ko `/etc/default/pacemaker` a Debian da Ubuntu. Shawararmu a fara karatu daga syslog, don a can ake ganin jerin abubuwan a taƙaice, a gano mintin da abin ya faru, sannan a shiga cikakkiyar rajista a wannan minti kaɗai. Wanda ya fara da cikakkiyar zai nutse cikin layukan sabunta bayanan gungu da ba su da alaƙa da matsalarsa.

Sauya sunayen sassan da aka yi a 2.0 ya taimaka ƙwarai. A da `crmd`, `pengine`, `lrmd`, `stonithd` da `cib` ne, sunayen da ba sa gaya wa kowa komai. Yanzu `pacemaker-controld` ne ke tsara aiki, `pacemaker-schedulerd` ke yanke shawara, `pacemaker-execd` ke kunna hidima da kashe ta da duba lafiyarta, `pacemaker-fenced` ke katse kwamfutar da aka daina yarda da ita, wato ya kashe ta da ƙarfi, `pacemaker-based` ke riƙe da bayanan gungu. Kowane layi yana ɗauke da sunan wanda ya rubuta shi, don haka `grep` ɗaya yana ware maka maganar kowa.

Akwai ƙa'ida ɗaya da rajistar ba ta faɗa da bakinta, kuma rashin saninta yana cin sa'o'in mutane. A kowane lokaci kwamfuta ɗaya ce shugabar gungu, ita ake kira DC, kuma a rajistarta kaɗai ake rubuta shawarar da aka yanke. Sauran suna rubuta abin da aka umarce su da sakamakonsa kawai. Idan ka buɗe rajistar kwamfutar da hidimar ta faɗi a kanta za ka ga an ce ta tsaya, ba za ka ga wanda ya ce a tsayar ba balle dalilinsa. `crm_mon -1` yana nuna shugabar yanzu, amma shugabanci yana sauyawa, musamman idan ita shugabar aka kashe. Hanyar gane wadda ke riƙe da shi a lokacin da abin ya faru ita ce a nemi layin `Calculated transition` a dukkan kwamfutocin. Wadda ke da shi a wannan sa'a ita ce.

Wannan layi shi ne ƙofar abin da ya fi komai kyau a tsarin. Duk lokacin da `pacemaker-schedulerd` ya yi lissafi, yana ajiye hoton halin da gungun yake ciki gaba ɗaya a fayil, cikin `/var/lib/pacemaker/pengine/`, da suna irin `pe-input-87.bz2`, kuma layin yana faɗin lambar fayil ɗin. A ciki akwai saiti, da waɗanne kwamfutoci ke raye, da wace hidima ke ina, da sau nawa kowace ta gaza. Ana iya kwafe fayil ɗin zuwa wata kwamfuta dabam a sake lissafin:

`crm_simulate -S -s -x pe-input-87.bz2`

Zai nuna halin da ake ciki kafin hukunci, matakan da aka tsara ɗauka, halin da za a koma bayansu, da makin da kowace kwamfuta ta samu ga kowace hidima. Tambayar da aka fi yi, me ya sa hidimar ta ƙi tashi a kwamfuta ta uku, a nan amsarta take: za a ga makinta `-INFINITY` ne, sai a bi sawu a gano ko wata ƙa'idar wuri ce ta hana, ko gazawar da ta gabata. Gara a yi wannan da sigar Pacemaker iri ɗaya da wadda ta rubuta fayil ɗin, domin lissafin yana ɗan bambanta tsakanin sigogi. Adadin `pe-input` da ake ajiyewa 4000 ne idan ba a sauya ba, `pe-warn` 5000, `pe-error` kuma ba iyaka. Da an cika 4000 sai lambar ta koma farko a riƙa rubutu a kan tsofaffi. Gungun da hidima ke ta faɗuwa tana tashi zai cinye wannan adadi da sauri, don haka a kwafe foldar da zarar an ga matsala. Mu dai a ganinmu wannan siffa kaɗai ta isa a fifita Pacemaker a kan takwarorinta wajen bincike bayan hatsari.

Rajistar Corosync gajera ce, kuma tana da gaskiya, amma abin da take gani kaɗan ne. Aikinta ta san wa ke cikin gungu. Akwai wata alama, tokin, da ke zagaya kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya, ta UDP a tasha 5405. Idan ta yi jinkiri har kashi 75 cikin ɗari na wa'adinta za a ga `Token has not been received in`, idan wa'adin ya cika sai `A processor failed, forming new configuration`, sannan layin sabon jerin mambobi mai `Members left`. Wa'adin milisakan 1000 ne a Corosync 2, ya koma 3000 daga siga 3.1. Idan kwamfutocin sun kai uku ko fiye, ana ƙara milisakan 650 kan kowace wadda ta haura biyu, wato gungu mai biyar a kan 3000 yana aiki da 4950. Kada a dogara da abin da ke `corosync.conf`, a tambayi mai aikin kanta da `corosync-cmapctl -g runtime.config.totem.token`.

Matsalar ita ce kalmar `failed` tana sa mutane su ɗauka kwamfutar ta mutu, alhali ma'anarta kawai ba a ji ta ba. Waya ce ta tsinke, ko na'urar haɗa layuka ce ta sake tashi, ko kwamfutar ce ta daskare na ɗan lokaci, duk layi ɗaya ake samu. Abin da ke rarrabe su yana wasu layuka. `Retransmit List` da ke ta maimaituwa kafin faɗuwar alama ce ta fakiti na ɓacewa a hanya ko wata kwamfuta ta gaza bin sahu. A Corosync 3, mai amfani da Kronosnet, ana samun layi mai `link: 0 is down` da ke faɗin wace hanya ce ta yanke zuwa wace kwamfuta, kuma wannan babban ci gaba ne ga wanda ya shimfiɗa hanya biyu. Wanda ya fi su daraja shi ne `Corosync main process was not scheduled for`, tare da adadin milisakan. Yana fitowa idan an hana Corosync samun damar aiki har kusan kashi 80 cikin ɗari na wa'adin tokin. Ganinsa na nufin a rabu da masu kula da layin sadarwa, laifin yana cikin kwamfutar. A injunan da ke zaune cikin wata babbar sabar, yawanci ɗaukar hoton faifai don ajiya ne, ko ƙaura daga wata sabar zuwa wata, ko an cika wa sabar kaya fiye da ƙarfinta. A duba ko lokacin ya yi daidai da jadawalin ajiyar dare. Kuma a saka `timestamp: hires` a sashen `logging`, domin abin da ake yanke hukuncinsa cikin daƙiƙa uku ba a iya jera shi da agogon da ke ƙirga daƙiƙa cikakkiya.

Inda tsarin ya fi rauni shi ne wajen wakilan hidima. Pacemaker ba ta san MariaDB ko Apache ko NFS ba. Ƙaramin shiri take kira, wakili, ta ce masa kunna, kashe, ko duba, shi kuma ya dawo mata da lamba. Sifili lafiya, 7 hidimar ba ta aiki, 1 kuskure ne da ba a fayyace ba, 5 babu manhajar a wannan kwamfuta, 6 saitin ne ba daidai ba. Lambar tana da nauyi: 1 yana sa a sake gwadawa, 5 yana hana hidimar wannan kwamfuta, 6 yana hana ta ko'ina cikin gungun. Wakilin da aka rubuta da kyau yana haɗawa da ɗan bayani ta `ocf_exit_reason`, sai a ga dalilin a `pcs status`. Wanda aka rubuta cikin gaggawa, musamman na cikin gida, lamba 1 kawai yake jefowa, rajista ta ce `error` ta yi shiru. Hidimomin da aka miƙa ta systemd ma haka suke, dole a koma `journalctl -u` da sunan hidimar.

Cikar wa'adi ta fi wannan duhu. Idan ba a sa wa aiki wa'adi ba, daƙiƙa 20 yake samu. Da sun cika sai a kashe wakilin a rubuta `Timed Out`, ba a faɗin inda ya maƙale. Abin da ke biyo baya ya danganta da irin aikin. Idan kunnawa ce ta gaza, ƙidayar gazawa tana tsallakawa kai tsaye zuwa 1000000, wato `INFINITY`, hidimar ba za ta sake gwada wannan kwamfuta ba sai an share. Idan kuwa kashewa ce ta gaza, gungun ba shi da tabbacin hidimar ta saki faifai, don haka sai ya katse kwamfutar gaba ɗaya. Da yawa daga kashe-kashen da ake ɗora wa layin sadarwa wannan ne asalinsu: rumbun bayanai yana buƙatar daƙiƙa 40 ya rufe, an bar masa 20. A nan rajistar ta yi adalci, domin layin `will be fenced` a kan shugabar gungu yana zuwa da dalili. `peer is no longer part of the cluster` na nufin a koma Corosync, `failed there` tare da sunan hidima na nufin a koma wakili.

Don ganin cikin wakili akwai hanya biyu. `pcs resource debug-start` da sunan hidima da `--full` yana kunna ta a gabanka yana nuna kowane mataki, amma a bayan idon gungu yake yin haka, don haka a tabbatar ba ta aiki a wata kwamfuta, in ba haka ba faifai ɗaya zai samu marubuta biyu. Ga matsalar da ke zuwa jefi-jefi, a saka `trace_ra=1`, wakilan da aka rubuta da shell za su riƙa ajiye sawun kowane kira a `/var/lib/heartbeat/trace_ra/`. A tuna a cire. Dubawa kowace daƙiƙa 10 fayil 8640 ne a rana.

Wani abin da ba mu ji daɗinsa ba shi ne saurin goge shaida. Sashen `Failed Resource Actions` gazawa ta ƙarshe kaɗai yake riƙewa ga kowace hidima a kowace kwamfuta. `pcs resource cleanup`, wanda shi ne umarnin farko da hannun mai gadin dare ke kaiwa, yana share ta tare da ƙidayar. `failure-timeout` ma yana yin haka da kansa idan lokacinsa ya cika, sai a wayi gari allon ya nuna komai lafiya alhali hidimar ta faɗi sau uku. Tarihin katsewa da `stonith_admin --history '*'` ke nunawa a ƙwaƙwalwa yake, yana tafiya idan aka kashe gungun duka. Dokar da ya kamata kowane ofis ya kafa ita ce a ajiye `pcs status --full` a fayil kafin a share komai.

Sai babban giɓin. Kwamfutar da aka katse ita ce ta san abin da ya same ta, kuma ita ce aka yanke wa wuta ba sallama, kamar mai shaida ne aka fitar daga kotu kafin ya buɗe baki. Layukan ƙarshe, waɗanda su ake nema, suna ƙwaƙwalwa ba su kai faifai ba. A RHEL, idan babu foldar `/var/log/journal`, journald, mai tattara saƙonnin tsarin, a ƙwaƙwalwa yake rubutu, duk abin da rsyslog, mai rubuta syslog, bai kwashe ba ya tafi. Ko an mayar da shi `Storage=persistent`, saƙonnin da ba su kai matakin `crit` ba ana tabbatar da su a faifai ne duk bayan minti 5. Mai amfani da SBD, hanyar katsewa da kwamfuta ke sake kunna kanta, ya fi shiga uku, domin agogon tsaro na cikin na'ura, mai wa'adin daƙiƙa 5 idan ba a sauya ba, yakan sake kunna kwamfutar ba tare da an rubuta ko harafi ba.

Wannan ba laifin Pacemaker ba ne kai tsaye, katsewar gaggawa ita ke kare bayanai. Amma shigar da manhajar ba ya tanadar maka komai a kai, kai za ka yi. A tura syslog na kowace kwamfuta zuwa wata sabar da ba ta cikin gungun, layi ɗaya ne a rsyslog, `*.* @@10.0.0.50:514`, inda `@@` ke nufin TCP. Idan ana son cikakken bayani ya bi, a sa `PCMK_logpriority=info`, amma a lura journald yana da iyakar yawan saƙo, idan an haura sai ya zubar ya rubuta `Suppressed`. A kunna kdump, mai juye ƙwaƙwalwa idan kernel, wato zuciyar Linux, ta faɗi, a sa `fence_kdump` a matakin farko na katsewa, IPMI, hanyar sarrafa wutar sabar daga nesa, a na biyu. Shi `fence_kdump` yana jiran saƙo a tasha 7410 har daƙiƙa 60, idan ya ji kwamfutar tana juye ƙwaƙwalwarta sai ya ɗauka an riga an katse ta, a bar ta ta gama. Farashinsa shi ne idan ba faɗuwar kernel ba ce, an ƙara minti guda kafin hidima ta ƙaura, don haka a rage wa'adin ko a yi shawara da masu hidimar. Bayan kwamfuta ta dawo a duba `ipmitool sel list`, a can ake ganin zafi, wutar da ta yi rawa, ko ƙwaƙwalwar da ta fara lalacewa. Sannan chrony, mai daidaita agogo, a kan kowace, da yankin lokaci iri ɗaya. Agogon Najeriya da Nijar awa ɗaya yake gaba da UTC, kuma kwamfuta ɗaya da aka bari a UTC cikin uku ta isa ta juya jerin abubuwan, a ɗauki sakamako a matsayin dalili.

Game da `PCMK_debug`, ba mu ba da shawarar a bar shi a kunne ba. Sai an sake tayar da Pacemaker yake kamawa, wanda sau da yawa ke kawar da yanayin da ake son gani, kuma yana cika faifai. Akwatin baƙi ya fi. Ana aika wa sashen da ake zargi siginar `USR1` ya fara tara cikakken sawu a ƙwaƙwalwa, `TRAP` ya juye shi a `/var/lib/pacemaker/blackbox`, `USR2` ya daina, a karanta da `qb-blackbox`. Corosync nata akwatin kullum yana aiki, `corosync-blackbox` ke fito da shi. Abin da ke ciki na masu karanta lambar shirin ne, amma shi masu ba da tallafi za su nema.

Tattara komai kuwa an sauƙaƙa shi. `crm_report -f "2024-03-10 01:30" -t "2024-03-10 02:30"` yana shiga kowace kwamfuta ta ssh ya kwaso rajista, fayilolin `pe-input` da saiti na wannan tsakani cikin ƙunshi ɗaya. Idan babu ssh tsakaninsu, a yi shi a kowace da `-S`. A taƙaita lokacin, a faro daga kamar rabin awa kafin abin. Kafin a aika wa kowa a buɗe a duba, domin saitin na'urorin katsewa yana ɗauke da kalmar sirri ta IPMI. Shirin yana rufe abin da ke ƙarƙashin sunayen da suka fara da `passw`, ana ƙara wasu da `-p`, amma mafi aminci a fitar da sirrin daga saitin tun farko da `cibsecret`.

Faɗakarwa ma tana nan tun siga 1.1.15 ta 2016, da samfura uku a `/usr/share/pacemaker/alerts`, na fayil, na imel da na SNMP. Na fayil ɗin, ƙanƙantarsa duka, yana ba da gajeren jerin wa ya fita, wa aka katse, me ya gaza, wanda `cleanup` ba ya taɓawa. Da sunan `hacluster` yake gudana, a ba shi izinin rubutu a inda aka nuna masa.

Idan bukatar mutum adireshi ɗaya ne ya riƙa ƙaura tsakanin kwamfuta biyu, Keepalived ta ishe shi, rajistarta 'yan layuka ne a syslog masu faɗin wa ya zama jagora, kuma ba a buƙatar fiye da haka. Gungun Windows yana tattara tasa da `Get-ClusterLog`, a UTC sai an ce `-UseLocalTime`, cike take da bayani amma ba mu ga kwatankwacin sake lissafin hukunci a can ba. Ga wanda ke da faifan da ake rabawa ko rumbun bayanai, muna ba da shawarar Pacemaker da Corosync, da sharaɗin a gwada rajistar kafin a ɗora wa gungun aiki. A kashe Corosync da `killall -9 corosync` a kan kwamfuta ɗaya, a toshe tasha 5405 a kan wata, a faɗar da kernel da `echo c > /proc/sysrq-trigger` a kan ta uku, ɗaya bayan ɗaya. Kowane karo a ba wani ma'aikaci da bai ga abin da aka yi ba rajistar kaɗai, ya faɗi me ya faru da ƙarfe nawa. Duk inda ya kasa, a gyara saitin a maimaita gwajin.